Tambaya: Ta wace hanya ƙaramin kamfanin tsaro zai samu kwangilar gadi daga gwamnatin jiha?

Baban_Khalifa ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da ƙaramin kamfanin samar da masu gadi wanda ke da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma muna da lasisin da ake bayarwa ta hannun hukumar Sibil Difens. Duk aikin da muke yi a yanzu na 'yan kasuwa ne da ɗaiɗaikun mutane: makarantu masu zaman kansu, gidajen mai, ɗakunan ajiyar kaya, da gidajen wasu bayin Allah. Alhamdulillahi ana samun rufin asiri, amma irin wannan aiki ba shi da tabbas, domin mai gidan mai yana iya kiranka da safe ya ce ya samu ɗan garinsu da zai riƙa kwana a wurin a kan rabin abin da yake biyanka, kuma babu abin da za ka iya cewa.

Abin da nake gani shi ne yawancin asibitocin gwamnati, da manyan makarantu, da sakatariyoyin ma'aikatu, masu gadin da ke ƙofarsu yanzu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kakin kamfanoni ne a jikinsu. Ina so in san yadda waɗannan kamfanoni suke samun aikin. Shin ana tallata shi ne kamar yadda ake tallata kwangilar hanya ko ta gina ajujuwa, ko kuwa shugaban wurin ne kawai yake kiran wanda ya ga dama? Idan ana tallatawa, waɗanne takardu ake nema, kuma a wane ofis ake fara yin rajista? Sannan ina so wanda ya taɓa yi ya gaya mini gaskiya game da biya, domin na ji wasu suna cewa aikin gwamnati yana ɗaga kamfani, wasu kuma suna cewa shi ne yake durƙusar da shi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Jami'in_Saye ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Na yi shekaru a sashen da ke kula da bayar da kwangila a wata ma'aikata kafin in yi ritaya, don haka zan faɗa maka yadda abin yake daga cikin ofis.

Ka fara da sanin cewa Dokar Sayen Kayayyaki da Bayar da Kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP a Abuja, ta shafi gwamnatin tarayya ne. Kowace jiha tana da tata dokar da tata hukumar. Kaduna ta yi tata a 2016, ta kafa hukumar KADPPA. Kano ta yi sabuwar doka a 2021. Jigawa kuma tana da hukumar bin ƙa'idar kwangila a Dutse wadda ta daɗe tana aiki. Mutane da yawa suna ɗauka cewa rajistar da suka yi a Abuja ta wadatar, sai su zo jiha a ce musu ba a san da su ba. Saboda haka ka je hukumar jihar da kake so ka yi aiki a cikinta, ka yi rajista a matsayin mai samar da hidima, ka lura da rukunin da aka sa ka, domin rukunin ne yake ƙayyade girman kwangilar da za ka iya nema. Tun bayan shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi idan suka wallafa kasafinsu da kwangilolinsu a fili, jihohi da dama sun buɗe shafukan intanet na rajista da na tallata aiki, kuma ya kamata ka riƙa leƙa su.

Abu na biyu, wanda ban cika ganin masu kamfanonin tsaro suna yi ba, shi ne karanta kasafin kuɗi. Gwamna yana kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara, kuma bayan an sa hannu ana wallafa shi da cikakken bayani. Kuɗin gadi ba ya cikin manyan ayyuka, yana cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, kuma a tsarin lambobin asusu da jihohi suke bi yanzu, hidimar tsaro tana ƙarƙashin lamba 22020601. Ka sauke kundin, ka nemi wannan lamba, za ka ga kowace ma'aikata da hukuma da abin da aka ware mata. Wurin da aka ware wa kuɗi mai kauri, akwai kamfani a can ko kuma ana shirin ɗauka. Wurin da ba a ware wa komai ba, ko shugaban wurin ya yi maka alkawari da rantsuwa, babu aljihun da za a biya ka daga ciki. Kada ka rikita wannan da kuɗin tsaro na ofishin gwamna, wannan wani abu ne daban da ba ya bi ta hanyar da muke magana a kai.

Game da tambayarka ko ana tallatawa: ya danganta da yawan kuɗin. Kowace jiha tana da iyakokin da ta gindaya. Ƙaramin aiki, shugaban hukuma ko babban sakatare yana iya neman farashi daga kamfanoni kaɗan, galibi uku, ya zaɓa a cikinsu. Idan kuɗin ya haura iyakarsa sai a kai ga kwamitin bayar da kwangila na ma'aikatar, a tallata a jarida da allon sanarwa, idan kuma ya ƙara haurawa sai an samu takardar amincewa daga hukumar jiha, wani lokaci har sai majalisar zartarwa ta zauna a kai. Ƙananan ayyukan nan da ba a tallatawa su ne ƙofar ƙaramin kamfani, amma ana gayyatar wanda sunansa yake cikin rajista ne kawai, kuma wanda jami'in saye ya san akwai shi. Ka rubuta takardar gabatar da kamfaninka, ka haɗa da kofin takardunka, ka kai ta ofishin karɓar wasiƙu a buga maka hatimin karɓa a kan kofinka. Wannan ba roƙo ba ne, hanyar aiki ce.

Takardun da aka saba nema kuwa, kusan iri ɗaya ne a ko'ina: shaidar rajistar kamfani da bayanin daraktoci, shaidar biyan haraji ta shekara uku, rahoton asusun kamfani da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu, shaidar hukumar fansho ta PenCom, shaidar asusun inshorar ma'aikata na NSITF, shaidar asusun horar da ma'aikata na ITF, takarda daga bankinka, da takardar rantsuwa daga kotu cewa babu daraktan da aka taɓa ɗaurewa kan zamba kuma babu jami'in ma'aikatar da ke da hannun jari a kamfanin. Jihohi suna ƙara nasu, musamman shaidar cewa kana zuba harajin albashin ma'aikatanka ga hukumar tara haraji ta jihar, da rasidin rajistar wurin sana'a. A kan duk waɗannan sai lasisinka na tsaro, wanda dole ne ya kasance da rai a ranar da aka buɗe takardu.

Bari in gaya maka yadda ranar buɗewa take, don ka gane dalilin da ya sa nake nanata takardu. Ana ajiye akwatin a gaban kowa, a fasa kwaɗon, a riƙa ɗauko ambulan ɗaya bayan ɗaya ana kiran sunan kamfani. Akwai jami'i riƙe da takarda mai layuka, sunayen kamfanoni a gefe, sunayen takardu a sama, shi aikinsa kawai ya sa alamar akwai ko babu. A wannan mataki babu wanda yake duba ko masu gadinka jarumai ne. Na sha ganin kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ya faɗi saboda shaidar fanshonsa ta bara ce, na kuma ga wanda ya haɗa takardar farashi da ta bayanin aiki a ambulan ɗaya alhali tallan ya ce a raba su, aka mayar masa da kayansa ba tare da an karanta ba. Yawancin waɗannan shaidu suna mutuwa ne a ranar 31 ga Disamba, don haka mai hankali yana fara neman sababbi tun watan Janairu, kafin talla ya fito, domin makonnin da ake bayarwa ba sa isa a bi su duka.

DanKwangilarSamaru ya rubuta:

Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake a rubuce, kuma ba na musu da kai. Amma ya kamata a gaya wa wannan bawan Allah ɗaya ɓangaren. A ƙasar nan wanda ba shi da uwa a gindin murhu yakan ci tuwonsa gaya, kuma aikin gadi yana cikin ayyukan da aka fi rabawa a matsayin sakayya, saboda aiki ne da ake ɗaukar mutane da yawa, kowane babba kuma yana da yaran da yake so a saka. Na taɓa samun irin wannan aiki a wata hukuma, ranar da na je karɓar takardar amincewa aka haɗo mini da jerin sunayen waɗanda zan ɗauka. Wasunsu ba su taɓa tsayuwar awa biyu a ƙofa ba, kuma idan ka kori ɗaya saboda barci, kafin la'asar an kira ka daga sama.

Amma ba wannan ne ya fi cin raina ba, biya ne. Kwangilar gadi ba ta da kafin alƙalami. Mai gina aji ana iya ba shi wani kaso ya fara, kai kuwa sai ka yi aikin wata ya cika sannan ka rubuta takardar neman biya. Daga nan fayil zai tashi daga jami'in da zai tabbatar an yi aikin, zuwa daraktan mulki, zuwa mai binciken kuɗi na cikin gida, zuwa akanta, idan kuma kuɗin ba a hannun hukumar yake ba sai an jira sakin kuɗi daga ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar. A wurin da na yi aiki an kai lokacin da aka tara mini watanni ba a biya ba, alhali mai gadi ba ruwansa da inda fayil ya kwana, shi dai wata ya ƙare kuma akwai mai shago da yake binsa. Na sayar da mota na biya albashi. Da aka yi canjin gwamnati kuma aka ce a dakatar da duk biyan bashin baya sai kwamiti ya tantance.

Don haka shawarata, Baban Khalifa, kada ka saki 'yan kasuwar da kake yi wa aiki. Su ne za su riƙe ka ranar da gwamnati ta yi shiru.

Hajiya_Mai_Lissafi ta rubuta:

Malam Baban Khalifa, ni akanta ce, kuma ina riƙe littattafan wasu kamfanoni masu irin sana'arka. Maganar Alhaji na Samaru game da jinkirin biya gaskiya ce, amma ina so in ƙara cewa da yawa daga cikin waɗanda aikin gwamnati ya karya, tun ranar da suka rubuta farashi suka karye, jinkirin ƙarasa su kawai ya yi.

Ka ɗauki mai gadi guda ɗaya. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, Kano ta sa nata 71,000, Kaduna 72,000. Dokar ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25, amma duk kamfanin da ya kai matsayin neman aikin asibiti ko jami'a ya wuce wannan adadi. A kan albashin akwai kason fansho: Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Akwai kashi 1 na NSITF, wanda shi ne inshorar rauni ko mutuwa a bakin aiki, akwai kashi 1 na ITF, akwai kuma inshorar rai ta rukuni wadda doka ta ce ta kai ninki uku na albashin shekara, kuma PenCom ba ta ba ka shaida sai ta ga wannan inshorar. Idan muka yi lissafi mai sauƙi a kan naira 70,000 ɗin gaba ɗaya, fansho 7,000 ne, sauran biyun 700 kowanne, ka ga mun kai 78,400 ba mu sayi ko hula ba. Sai kaki aƙalla saiti biyu, takalmi, rigar ruwa, tocila da batir, usur, kulki, rediyon oba-oba, littafin shige da fice, kuɗin horo, da man babur ɗin mai zagayen dare.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙirga ƙofofi a maimakon mutane. Ƙofar da ake tsare ta dare da rana ba mutum ɗaya take ci ba, ba kuma biyu ba. Ko da awa goma sha biyu-biyu suke yi, kowannensu yana da ranar hutu, yana yin rashin lafiya, ana yi masa rasuwa, yana tafiya gida da salla. Dole ka sa mai canji a lissafi, ka kuma sa mai kula da su, wanda albashinsa ya fi nasu. Idan tallan ya ce ana son masu gadi 40, ka tambaya a rubuce ko masu canji suna cikin 40 ɗin ko a kanka suke, kuma amsar da za a ba ka ta zama a rubuce.

Sannan kuɗin da ka rubuta ba shi ne zai shigo asusunka ba. Ma'aikatun gwamnati suna cire harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, suna cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe, akwai kuɗin hatimin yarjejeniya, wasu jihohin kuma suna da nasu ƙananan cire-ciren. Ka nemi a gaya maka dukkansu kafin ka rubuta farashi, ka kuma bayyana ƙarara ko farashinka ya haɗa da VAT ko bai haɗa ba. Harajin da aka riƙe kuwa ka bi rasidinsa, domin da shi za a rage maka harajin ƙarshen shekara, kuma mutane da yawa suna barin wannan kuɗi ya salwanta saboda ƙyuyar bin takarda.

Yanzu ga gwajin da nake ba duk wanda ya zo mini da irin maganarka. Masu gadi 40 a kan naira 70,000, albashi tsura naira miliyan 2.8 ne a wata. Idan aka yi wata huɗu ba a biya ka ba, kana bukatar miliyan 11.2 daga aljihunka ko daga banki, kuma ruwan da bankuna suke ɗorawa a yanzu yana iya cinye ribar aikin gaba ɗaya. Idan ba ka da inda za ka samo wannan kuɗi, aikin mutum 40 ya fi ƙarfinka a yanzu, ka nemi na mutum 10. Ni a ganina wanda ya rubuta farashin da ke ƙasa da abin da doka ta wajabta masa biya, ya riga ya yanke shawarar zaluntar masu gadinsa ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma mai gadin da ake ba naira 25,000 ya tsare ɗakin ajiyar magani na miliyoyi, kowa ya san abin da ke iya biyo baya. Dokokin bayar da kwangila ma ba su ce a ba mafi arha kawai ba, cewa suka yi mafi arha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, kuma kwamiti mai hankali yana da damar tambayar wanda farashinsa ya yi ƙasa fiye da ƙima yadda zai biya albashi.

Kwamanda_Mai_Ritaya ya rubuta:

Jama'a sun yi bayani mai gamsarwa a kan takardu da kuɗi. Ni zan tsaya a kan aikin kansa, domin na daɗe ina duba kamfanonin gadi kafin in ajiye kaki.

Dokar da ta kafa wannan sana'a ita ce Dokar Kamfanonin Gadi Masu Zaman Kansu ta 1986, kuma gyaran da aka yi wa dokar Sibil Difens a 2007 ya ƙarfafa ikon hukumar na sa ido, da horarwa, da rufe kamfanin da ya saɓa. Dokar ta 1986 ta hana ku riƙe bindiga, ta hana kakin da ya yi kama da na soja ko ɗan sanda, kuma mallakar kamfanin dole ta kasance ta 'yan ƙasa. Ina tuna maka wannan ne saboda na ga takardun neman aiki da aka cika su da alkawarin magance 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Duk jami'in da ya san aiki yana karanta haka zai ajiye takardar. Jihohi sun riga sun kafa rundunoninsu don wannan matsala: Kaduna tana da rundunar 'yan sintiri ta KADVS, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Ba da su kake takara ba. Abokan takararka su ne sauran kamfanoni, da ƙungiyar tsofaffin sojoji wadda ta daɗe tana tsare ƙofofin ofisoshin gwamnati. Abin da kake sayarwa shi ne kula da shige da fice, hana satar kaya, kiyaye tsari, da kai rahoto da wuri ga masu makami.

Ka kuma duba rukunin lasisinka. Akwai rukunin da ya taƙaita yawan masu gadin da za ka iya ɗauka, akwai wanda ya haura haka. Idan aikin da kake nema zai sa ka wuce iyakarka, ka ɗaga rukunin tun kafin abokin takara ya rubuta ƙorafi a kanka. Shiga ƙungiyar masu lasisi ta ALPSPN ma yana da amfani, domin wasu tallace-tallacen suna neman shaidarta.

Abin da yake bambanta takardar bayanin aiki mai kyau da ta kwafe shi ne zuwa wurin. Idan asibiti ne, ka je da rana ka koma da dare. Ka ƙirga ƙofofi, ka bi katanga da ƙafa ka ga inda ta rushe har 'yan unguwa suka mayar da wurin hanya, ka ga inda janareto da tankin gas suke, ka ga ko akwai fitila a bayan ɗakin magani, ka tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa lokacin ziyara ka ga yadda 'yan dubiya suke turereniya da kwanukan abinci. Daga nan za ka gane cewa wannan ƙofar mace take bukata, mai haƙuri kuma mai iya magana, domin namiji ba zai binciki jakar matar aure ba a yi rigima ba. Makarantar kwana ta 'yan mata ma haka take. Idan ka rubuta cewa ƙofa kaza mutum biyu da rana, uku da dare, ga dalili, ga nisan ofishin 'yan sanda mafi kusa, ga wanda za a kira idan gobara ta tashi, kwamiti zai san ka taka wurin.

Game da jerin sunayen da Alhaji ya ce an haɗo masa, wannan yana faruwa, ban musa ba. Maganinsa shi ne ka kafa ƙa'idar ɗauka a rubuce tun cikin takardar neman aiki: gwajin lafiya, gwajin ƙwaya, masu tsaya wa mutum biyu, takardar mai unguwa ko dagaci, da horo kafin a ba shi kaki. Idan aka kawo maka sunaye ka ce madalla, su zo su bi layi. Wanda ya tsallake ka ɗauke shi, kuma sau da yawa ɗan unguwar ya fi baƙo sanin ɓarayin unguwar. Wanda ya faɗi kuwa, takarda ce ta kayar da shi, kuma babban da ya turo shi ya fi saurin haƙura da wannan.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Lissafin Hajiya ya sa na sake tunani a kan girman aikin da zan nema. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Tallan da na taɓa gani ya nemi shaidar ayyuka makamantan wannan da aka yi a shekarun baya, ni kuwa ban taɓa yi wa gwamnati aiki ba. Shin aikin makarantu masu zaman kansu da gidajen mai yana shiga lissafi? Sannan wani ya ba ni shawarar in karɓi aiki a ƙarƙashin babban kamfanin da ya riga ya samu kwangila, ina so in ji ra'ayinku a kai.

Tsohon_Jami'in_Saye ya rubuta:

Yana shiga, matuƙar tallan bai ce lallai na gwamnati ba, amma sai da hujja. Abin da kwamiti yake so ya gani shi ne takardar ba da aiki, da yarjejeniya, da wasiƙar yabo a kan takardar makarantar mai ɗauke da sa hannu da lambar da za a kira a tabbatar. Matsalar ita ce yawancin irin ayyukanku da baki ake ƙulla su, kuɗin kuma yana shiga asusun mai kamfani na kansa. Ka koma wurin waɗanda kake yi wa aiki ku rubuta yarjejeniya, kuma daga yau kowane biya ya bi ta asusun kamfani, domin da shi ne mai binciken kuɗi zai nuna yawan cinikinka na shekara, wanda shi ma ana nemansa. Makarantar kwana mai ɗalibai da yawa ta fi gidajen mai biyar nauyi idan aikin makaranta kake nema, saboda kamanceceniyar aiki ake dubawa.

Shiga ƙarƙashin babban kamfani kuwa ina da ja a kai. Sunansa ne a kan kwangilar, shi za a ba wasiƙar kammalawa, shi zai karɓi kuɗi ya biya ka lokacin da ya ga dama, kuma idan yarjejeniyarsa da gwamnati ta hana miƙa aikin ga wani, kai ne za a fara kora ranar da abin ya fito. Idan za ku haɗa hannu, ku yi haɗin gwiwa a rubuce tun kafin a nemi aikin, sunayenku biyu su fito a takardar nema, a fayyace ƙofofin da kowa zai riƙe da kason da zai karɓa. Na fi son ka fara da hukumomin da suke tara kuɗin shiga da kansu, kamar manyan makarantun jiha da asibitocin ƙwararru da hukumomin kasuwanni, domin fayil ɗinsu bai cika yin doguwar tafiyar da Alhaji ya bayyana ba.

Ranar da Allah ya ba ka aikin kuma, kada ka tura mutum ko ɗaya bakin ƙofa da takardar amincewa kaɗai. Ka jira a sa hannu a yarjejeniya, ka karanta ta tare da lauya, ka tabbatar ta faɗi kwanakin da za a biya bayan ka miƙa takarda, da abin da zai faru da farashi idan aka ƙara mafi ƙarancin albashi a tsakiyar wa'adi, da tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar kafin ya janye, da yadda za a binciki sata kafin a cire kuɗinta daga haƙƙinka. Kafin ka karɓi wurin kuma ku zagaya da jami'in ajiyar kaya, ku rubuta abin da ke nan da abin da babu, har da adadin batiran sola da na'urorin sanyaya ɗaki, ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kofinsa.